Ranar da Na Hau Sikeli a Kano

Shekaru sun fara cin kaina, har sunayen wasu abokan ƙuruciyata sun ɓace mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tuɓe riga a gaban maniyyata a Kano, na hau sikelin kaya da jariri a hannu ba. Malamin da ke koya mana karatun manya a nan Madarunfa ya ce kowa ya rubuta wani abu da ya taɓa samunsa. Wani ya rubuta farauta, wani ya rubuta ƙaton kifin da ya kama a tabki. Ni wannan kaɗai gare ni, kuma tun da duk garin ya riga ya san labarin, gara a ji shi daga bakin mai shi (taubashina Labo ya daɗe yana ƙara masa gishiri, har ya kai ga cewa wai na yi kuka, alhali gumi ne).

Ina yaro mai kiwon awaki mahaifina ya ɗauki sanda da gora ya nufi gabas da ƙafa, zai je Makka. A wancan lokaci haka ake tafiya. Mutum ya tsaya a hanya ya yi noma, ya yi ƙodago, ya ci gaba. Wani ya dawo bayan shekaru, wani ba ya dawowa. Namu bai dawo ba. Inna ta jira har ta rasu, mu kuma muka yi masa sadaka muka haƙura. Na girma, na yi aure, na samu 'ya'ya mata biyu. Sai wata damina, Faransawa na kan mulki tukuna, wani tsoho mutumin Gabi ya dawo daga gabas, ƙafa duk faso, ya zo har ƙofar gidana yana tambayar ɗan wane. Ya ce ya baro mahaifina da rai a Jidda, cikin unguwar 'yan ƙasarmu. Ƙafafunsa sun mutu, idonsa ya fara hazo.

"Ya ce in gaya maka," in ji tsohon, "in kana raye ka zo shi gan ka. In kuma Allah ya ba ka ɗa namiji, ka kawo mishi shi tofa mishi albarka."

A lokacin matata Ramatu tana da ciki. Da kaka ta haifi namiji, aka sa masa sunan mahaifina. Tun da babu mai iya kiran wannan suna a gidanmu, muka riƙa ce masa Abba. Ranar suna na ɗauke shi na ce a raina, ni da kai da uwarka sai mun je, kafin idon nan ya rufe.

Zuwa da ƙafa ba ya cikin magana. Tsoho mai hazo a ido ba zai jira shekaru ba, jariri kuma ba zai ɗauki hanyar Sudan ba. Amma a shekarun nan an fara jin cewa akwai jirgin sama da ke tashi daga Kano ya sauke alhazai a Jidda kafin mutum ya gama jin yunwa. Mutum biyu na sani da suka taɓa shiga jirgi. Na farko Labo, ɗan kawuna, tsohon soja, wanda Faransawa suka ɗauko cikin abin da yake kira abiyo lokacin da ya ji ciwo a yaƙi. Na biyu Alhaji Tanko, dillalin gyaɗa a Maraɗi, wanda nake yi wa dako duk kaka, mutumin da in ya hau doki sai ka ji tausayin dokin.

Na sami Labo a gindin tsamiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi.

"Taubashi, ƙaƙa ake shiga abin nan naka?"

"Kai da ko keke ba ka taɓa hawa ba? To, da fari dai sai sun auna ka. Ɗora ni suka yi bisa sikeli kamar buhu, bature ya duba ya rubuta, sannan aka ce in shiga."

"Nawa ka biya?"

"Soja yana biya? Ina ruwana da kuɗinsu."

Shi kuwa Alhaji Tanko ba sai an tambaye shi ba. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji adadin kuɗin da ya biya, da yadda kunnensa ya toshe, da yadda ya leƙo ya ga raƙuma kamar tururuwa. Na ji adadin har na haddace shi kamar Fatiha.

To ga inda wayona ya kai ni. Ni mutumin sikeli ne. Tun ina saurayi nake ɗora buhun gyaɗa bisa sikeli a rumfar saye, kuma ban taɓa ganin an auna abu don nishaɗi ba. Abin da aka auna, nauyinsa shi ne kuɗinsa. Buhu mai nauyi kuɗi da yawa, buhu shafal kuɗi kaɗan. In har ana auna mutum kafin ya shiga jirgi, ai magana ta ƙare. Kuma ina da ido, ina kallon buhu in faɗi kilonsa kafin akawu ya gama tura ƙarfen. Na zauna na kalli Alhaji Tanko yana shan fura, na auna shi da ido daga wuya zuwa idon sawu, na ga cewa ni da Ramatu in aka haɗa mu, da kaɗan muka fi shi. Abba kuwa a lokacin bai kai ƙwaryar gero ba. Ashe kuɗin Alhaji guda zai kai mu uku Jidda, in na ɗan ɗora wani abu a kai.

Ban gaya wa kowa ba, ko Ramatu (wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau). Na ɗauka wata dabara ce na gano, kuma ina tsoron in labari ya bazu duk wani siririn mutum daga Safo zuwa Sarkin Yamma zai tashi zuwa Makka, Turawa su ga kasuwa ta cika su ƙara kuɗin kilo. Ai na san halinsu a kan gyaɗa.

Na sayar da gyaɗar shekarar duka, har da iri. Na sayar da shanu biyu da na gada, da jakina, da rumbun gero guda. Ramatu ta sayar da awakinta ba tare da na roƙe ta ba, ta ƙulle dalolin a tsumma ta miƙo mini. Da na haɗa, na sami kuɗin Alhaji Tanko da ɗan abin hanya a sama. Saura aiki ɗaya, in rage abin da muka fi Alhaji da shi.

Azumi ya zo ya wuce, ni ban wuce ba. Na yi sitta shawwal, na ɗora da Litinin da Alhamis, daga baya na riƙa haɗawa da Laraba. Na bar fura da nono. Na bar kifin tabki, ni da aka haifa a bakin tabkin. Tuwo in an kawo, sai in yanki loma uku in ture kwano. Gari ya ɗauka tsoron Allah ne ya kama ni. Liman ya taɓa nuna ni a masallaci ya ce wa samari su dubi yadda mai niyyar ɗakin Allah yake shirya kansa. Na sunkuyar da kai, kowa ya ce tawali'u ne, ni kuwa jiri nake ji.

"Taubashi," Labo ya ce mini, "Makka za ka ko lahira? In lahira ce ka bar mini garmarka."

Matsalar ita ce Abba. Duk abin da na sauke daga jikina, yaron nan sai ya ɗauka ya ɗora a nasa. Ban taɓa ganin jariri mai tsotso irinsa ba. Wuyansa ya yi ninki, cinyoyinsa suka yi ninki, har bayan hannunsa ya yi rami-rami. Kullum da safe nakan ɗauke shi in ɗaga sama in sauke, in sake ɗagawa. Ramatu tana gaya wa mata a bakin rijiya cewa ba ta taɓa ganin uba mai son ɗa kamar ni ba. Auna shi nake yi.

"Maigida, dubi cinyar ga, tubarkalla."

"Tubarkalla," nake cewa, ina lissafin kilo a raina.

Wata rana na kasa daurewa na ce, "Anya ba ki cika ba shi nono ba?"

Ta ɗago ta dube ni. "Mi ka ce?"

"Na ce kada cikinshi shi ɓaci."

"Cikinka dai ya ɓaci, kai da ka koma kamar karan dawa. Bar mini ɗana."

Na bar mata ɗanta, na ƙara Talata a cikin azumi.

Da ruwan farko ya sauka lokacin tafiya ya yi. Mun riga mun je Maraɗi an ba mu takardar tafiya a biron kumandan, wato ofishinsa, an yi mana lamba a hannu, Abba ya tsala ihun da aka ji har kasuwa. A duk wuraren nan babu wanda ya tambaye ni yadda zan biya jirgi, ni ma ban tambayi kowa ba. Sai bankwana. A garinmu mai zuwa Makka ba ya fita kamar mai zuwa kasuwa, yana fita ne kamar mai mutuwa. Na bi gida-gida ina neman gafara, ana yafe mini ina yafewa. Na yi wasiyya a gaban liman. Na ba ƙanen Ramatu aron gonata ya shuka, na kai 'yan matana wurin gwaggonsu. Aka riƙa kawo guzuri, ƙuli-ƙuli da dakuwa da soyayyar kaza, ni kuma ina karɓa ina auna su a tafin hannu, ina rabar da su a ɓoye. Abin da na kasa rabarwa shi ne likkafani. Tsofaffin unguwarmu mata su huɗu kowace ta kawo nata a naɗe, ta ce in tsoma mata shi a ruwan Zamzam in dawo mata da shi, da shi za a rufe ta. Wa zai ce wa tsohuwa likkafaninta ya yi nauyi?

Aka raka mu har bayan tabki ana salati. Tun a nan aka fara ce mini Alhaji, ni kuma ina amsawa. Labo ya ce zai bi mu Kano ya sayo kayan koli, kuma ya nuna mana ƙofar abiyo kada mu shiga ta taga.

A bakin hanya muka sami babbar mota mai zuwa Katsina. Yaron mota ya karɓi kuɗina da na Ramatu, ya karɓi na wani bunsuru da ke kusa da mu, ya dubi Abba a bayan uwarsa ya ce goyo ba ya biya. Na ji daɗi, na ce a raina watakila masu jirgi ma su yi wannan mutunci.

Wanda bai taɓa tafiya da jariri mai haƙori a bayan babbar mota da damina ba, bai san tafiya ba. Muna wuce Ɗan Isa ruwa ya sauko, aka ja tamfol aka rufe mu, mu da bunsuru da buhunan albasa. Abba ya fara kuka bai daina ba sai Jibiya. Zawo ya kama shi, ya ɓata zanen uwarsa, ya ɓata rigata, ya ɓata farar rigar wani ɗan kasuwa da ya yi kuskuren cewa a ba shi yaron ya lallashe shi. Duk inda mota ta kafe a laka, maza su sauka turi, Ramatu ta sauka wankin tsumma a kududdufi, ta shanya a jikin katakon mota, ruwa ya sake jiƙa su. Ni da ba ni da ƙarfin tura ko ƙofa, na sa kafaɗa na zame na faɗi da fuska. Kuma zan faɗi gaskiya tun da na ce zan faɗa. Da na ɗauki Abba a Katsina na ji ya ɗan yi shafal saboda zawon, akwai wani abu a cikin ƙirjina da ya fara lissafi kafin in kama shi in yi istigfari. Har yau in na tuna sai in sake yi.

A Kano muka sauka a Fagge, gidan wani mai saukar 'yan ƙasarmu. Na kai dalolina aka canza mini zuwa fam da sule. Ƙunshin da ya cika mini aljihu ya dawo abin da ke shiga tafin hannu, amma mai canji ya rantse daidai ne. Washegari da safe ban ci ba, ban sha ba. Na aske kaina ƙwal, na yanke farce. Na ce wa Ramatu ta cire awarwaronta ta bar su a masauki, ta ce sai dai a cire da hannun. Na ce to kada ta ba Abba nono sai mun fito, ta zauna a gabana ta ba shi har ya yi gyatsa.

Ofishin wakilin alhazai wani dogon ɗaki ne cike da maniyyata. Attajiran Kano da manyan riguna a kan benci, matansu a gefe guda cikin lulluɓi, wasu Fulani a tsugune a bakin ƙofa. Akawu saurayi ne mai tabarau, yana zaune bayan tebur. A kusurwa kuwa ga sikeli, irin namu na rumfar gyaɗa sak, mai faffaɗan ƙarfe a ƙasa. Da na gan shi sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙuwar ƙasa. Labo ya tsaya a ƙofa yana gaya wa Fulanin nan yadda ake ɗaure ciki da igiya a cikin abiyo.

Da layi ya zo kaina, ban ma nufi tebur ba, na san aikina. Na tafi kai tsaye gaban sikeli. Duk mai sayar da gyaɗa ya san ba a yarda a auna maka da tsakuwa ko jiƙaƙƙen buhu, to ni kuma da zan biya, ba zan yarda a auna ni da tufafi ba. Na cire takalmi. Na cire hula. Na cire babbar riga na naɗe, na cire 'yar ciki, na cire layar da ke damtsena. Na rage daga ni sai wando, haƙarƙarina a waje ana iya ƙirgawa daga ƙofa. Na karɓi Abba daga hannun uwarsa, na tuɓe masa 'yar rigarsa da guru, na hau sikeli na tsaya ƙyam.

Duk ɗakin ido ya koma kaina.

"Ke, hawo," na ce wa Ramatu. "Ajiye mayafin."

Ba ta motsa ba. Ta ja mayafin ta rufe fuska.

Akawu ya sauke tabarau ya ce, "Baba, lafiya? Me kake yi a kan sikelin kaya?"

"Ka auna mu, samari. Mu uku ne, amma a haɗe za ka auna, kada ka ci mini rabin kilo sau uku. Ni na san aikin ga."

A daidai nan Abba ya saki fitsari. Ya bi cikina ya gangara kan ƙarfen, ni kuwa, Allah ya gani, murna na yi. Na ce wa akawu, "Dakata a share wannan tukuna, ba da shi za mu tahi ba." Na ɗaga yaron sama da hannu biyu don kada ya ƙara jiƙa ni. To wandon nan an ɗinka shi ne tun ina da ƙugu. Wata uku na azumi sun tafi da abin da mazagi yake kamawa. Na ji yana sulalewa, hannuwana biyu suna riƙe da jikan mahaifina, ba zan saki yaro in kama wando ba. Ya sauka a hankali har idon sawu, kamar mai sallama. Da ba don ɗan banten da ke ciki ba, da ban dawo Madarunfa ba har abada.

Wata mata ce ta fara dariya, daga cikin lulluɓi. Sai benci gaba ɗaya ya ɗauka. Wani attajiri ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Fulanin nan ba su yi dariya ba, kallona kawai suke yi da tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo. Na hangi Labo a bakin ƙofa ya dafa bango yana zamewa ƙasa.

Akawun nan ɗan mutunci ne, Allah ya saka masa. Ya taso ya karɓi Abba da kansa har na ɗaure wando, ya ja ni gefen tebur ya yi ƙasa da murya.

"Baba, wa ya ce maka da nauyi ake biya?"

"Ba a auna mutane?"

"Akan auna kaya, wani lokaci har mutane, don matuƙi ya san abin da ya ɗauko. Amma kuɗi na kujera ne. Mai ƙiba da siriri duk ɗaya."

"Duk ɗaya," na maimaita.

"Duk ɗaya. Kai kujera, iyalinka kujera. Shi ma yaron yana da ɗan nasa kason, ko da a cinya zai zauna."

"Goyo fa ba shi biya."

"A mota ke nan, Baba."

Ya ƙirga abin da ke hannuna, ya sake ƙirgawa. Ya ce ya isa mutum ɗaya, zuwa da dawowa, in ya iya ɗaure ciki a can. Na kusa ce masa wannan kam na iya.

Muka fito muka zauna a inuwar bango. Ramatu ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta goya Abba, sannan ta ce, "Ashe yunwar da ka kwana da ita wata uku ke nan."

Ta gyara goyonta ta juyo gare ni.

"Maigida, ka koma ciki ka biya naka ka tahi."

"Ya ce in kawo mishi yaron."

"Ina tsakar gida sa'ad da mutumin Gabi ya yi magana, na ji da kunnena. Kai ya fara ambata. Ya ce ka zo shi gan ka. Yaron daga baya ya zo."

Labo ya share hawayen dariyarsa, kuma karo na farko a rayuwarsa ya yi mini magana ba da wasa ba. "Gaskiya ta faɗa, taubashi. Ni zan mayar da su gida lahiya. Ka tahi ka ga tsohonka."

Ina ma in ce wani babban dalili ne ya hana ni. Na ce musu alkawari na yi ranar suna, mu uku ko babu. Na ce mutum ya jira shekara ashirin da wani abu, shekara ɗaya ko biyu ba za ta gagare shi ba, zan koma in yi noma in cika kuɗin mu zo tare. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa a garinmu ya san ni da shi, har ina jin daɗin a faɗa. Amma ban da alkawarin da haƙurin akwai wani abu a ƙasa. Ba zan iya sake shiga ɗakin nan in bi ta gaban bencin nan ba, in kuma zauna cikin jirgi ɗaya da mutanen da suka ga bantena. Ramatu ta sake roƙona a masauki, ta sake a tashar mota. Na ce mata ta yi haƙuri.

Muka koma Madarunfa bayan kwanaki kaɗan, mutanen da suka raka mu ko gajiyar rakiyar ba su gama saukewa ba. Labo ya yi mini alkawarin ba zai faɗa ba, kuma ya riƙe alkawarin har muka wuce Jibiya. Kafin in ajiye kaya yara sun san ni da Alhaji Sikeli. Gonata na tarar ƙanen Ramatu ya shuke ta, gero har ya fara tsirowa, ba a karɓe aro bayan shuka, sai na koma ƙodago a gonakin mutane, ba jaki, ba iri. Liman bai ce mini komai ba, amma bai sake nuna kowa a masallaci ba. Abin da ya fi wuya shi ne likkafanin nan huɗu. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ina mayar da su a bushe. Uku suka karɓa suka ce Allah ya sa da rabo gaba. Ta huɗun ta shinshina nata ta ce, "Ƙanshin albasa yake yi, Alhaji," ta shige ɗaki.

Na binne kuɗin a tukunya na kama noma. Shekara ta farko ruwa ya yi gardama, na taɓa tukunyar muka ci. Shekara ta biyu gyaɗa ta yi kyau, na mayar da abin da na ɗiba, na fara ɗorawa. A wannan shekarar ce, bayan Babbar Salla, Alhaji Tanko ya dawo daga hajjinsa na biyu. Na roƙe shi tun kafin ya tafi ya nemi mahaifina ya gaya masa ina nan tafe. Ya aiko a kira ni, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, abin da bai taɓa yi ba, tun daga nan na gane. Ya ce ya sami unguwar, ya sami ɗakin. Tsohon ya rasu watanni kaɗan bayan hajjin da ban je ba. Maƙwabtansa sun ce a wancan lokacin yakan sa a fito da shi bakin hanya duk ranar da aka ce jirgin Kano ya sauka, yana tambayar masu wucewa ko akwai mutumin Madarunfa.

Da na koma ɗakin akawun nan na bi ta gaban bencin nan, da na same shi da rai.

Yanzu Abba ya zama saurayi, ya fi ni tsawo, ya kusa kama Alhaji Tanko a faɗi, buhu biyu yake ɗauka a rumfar saye. Ni kuwa naman da na sauke bai dawo ba har yau, duk furar da Ramatu take dama mini. Ban je Makka ba tukuna. Yaran da suke ce mini Alhaji Sikeli sun haifi wasu yaran, su ma suna faɗa, ba su ma san dalili ba, ni kuma ina amsawa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu ko gishiri zan saya sai na buɗe baki na tambayi kuɗinsa da ƙarfi a gaban mutane, in an yi dariya a yi ta a nan, ina cikin rigata. In Ramatu ta ce mini tafi, takalmina nake nema. Kuma duk inda za ni, ko masallacin unguwa ne, sai na ƙulla mazagina sau biyu.